Na Ce wa 'Yar Sanda Ban Tuna Ba

Lahadi, 16 ga Maris, ƙarfe shida na safe

Ni Pang Shoutian, shekarata saba'in da tara, ban taɓa zama a bencin makaranta ba. Ɗan rubutun da na iya, a jikin duwatsun kaburbura na koye shi, kakana yana riƙe da yatsana. Ban saba rubuta abin da ke cikina ba, kaina ya ishe ni ajiya. Amma tun jiya kan ya cika, kuma babu wanda zan gaya wa. Shi ya sa na yago bayan kalanda.

Jiya Tongtong ta tafi cikin gari ita kaɗai. Jikata ce, 'yar ɗana Dehai, shekararta goma sha ɗaya. Tun tana wata tara take hannuna, don iyayenta suna can Dongguan, garin masana'antu a kudu, suna ɗinka takalman da ba za su taɓa sawa ba. Ta ce mini za ta je gidan ƙawarta yin aikin makaranta. Ashe motar ƙarfe takwas ta hau. Wai wurin wata ƙawa za ta je da suka haɗu a cikin wasan waya, wai shekararta sha biyu, wai za ta ba ta 'yar kyanwa. Matar da ke sayar da tikiti a tasha ce ta ga ƙawar. Ƙato ne, da hula da takunkumi, ya kai shekara arba'in. Ta ga ya matso, ta ga yarinyar tana ja da baya, sai ta fito daga ɗakinta ta cafke hannun Tongtong ta ƙwala ihu. Ya gudu.

Bai taɓa ta ba. An ce mini bai taɓa ta ba. Na rubuta sau biyu don in gani da idona.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

A ofishin 'yan sanda wata yarinya 'yar sanda ce ta zaunar da mu, takalmin ƙafata ya girme ta. Ta yi mini bayani a hankali kamar mai ba jariri kunu. Wai wasan nan ƙofa biyu gare shi. Ƙofar yara ana buɗe ta awa ɗaya a ranakun hutu, kuma baƙo ba ya iya yi wa yaro magana. Ƙofar manya kuwa a wangale take, kowane kare da doki yana shiga. Ba a bi ta ƙofar manya sai da lambar katin shaidar babban mutum, kuma jifa-jifa wayar takan nemi ta ga fuskar mai katin. Ta ƙofar manya Tongtong take shiga tun bayan bikin sabuwar shekararmu ta gargajiya, a farkon Fabrairu.

Ta juyo mini da allon na'urarta. “Kaka, sunan wa ke nan?”

Na ce idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe.

Sai Tongtong ta yi magana, kanta a ƙasa. “Ni na ɗauki katin Kaka a cikin gwangwanin shayi. In yana gyangyaɗi a kujera sai in haska masa wayar.”

'Yar sandar ta dube ta, ta dube ni. “Kaka, abin nan sai mutum ya ƙifta ido, ya buɗe baki, ya juya kai hagu da dama. Mai barci yana yin haka?”

Na ce ban tuna ba.

Ta rubuta. Shayin da suka ba mu ruwan wanke kwano ne. Gwamnati guda ba ta iya sayen ganyen kirki ba.

Litinin, 17 ga Maris, tsakar rana

Dehai ya iso. A jirgin ƙasa ya kwana a tsaye. Ya shigo bai ko sunkuya wa hoton uwarsa ba, ya wuce kan yarinyar.

“Katin kakanki? Sata? A gidan nan aka haifi ɓarauniya? Mu muna can muna tsaye awa goma sha biyu saboda ke, ke kuma kina nan kina hira da 'yan iska!”

Ya ɗaga hannu. Na ce, “In hannun nan ya sauka a kanta, na rantse da kabarin uwarka da fartanya zan karya shi.” Ya sauke. Ya karɓe wayar ya sa a aljihu. Tongtong ba ta yi kuka ba. Ta tsaya kamar turmi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ya juyo kaina, sai muryarsa ta yi laushi. “Baba, kai ba laifinka ba ne. Shekaru ne. Mu ne muka ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka.”

Shekaru! Ni ake gaya wa shekaru. Yaron da na san ranar da ya fara haƙori, na san launin akuyar da ta tunkure shi a bakin rafi. Na fita na ba agwagi dusa, alhali na ba su da safe.

Talata, 18 ga Maris, da yamma

An yi ruwa. Tongtong ba ta ci abinci ba.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Dehai ya koma. Kwana uku masana'anta ta ba shi. Kafin ya tafi ya kira matarsa Ruifang, uwar yarinyar, ya jingina wayarsa da tulun yaji don mu gan ta. Idonta ya kumbura. Tana cikin rigar aiki, a bayanta injuna suna ta ƙara.

“Da hannuna na kulle wayar nan! Da hannuna! Tongtong, dube ni. Me na yi miki?”

Yarinyar ta dubi tebur. Sai Ruifang ta juyo da ido kaina, ta daɗe tana kallona ta cikin gilashin. Na ɗauka za ta faɗi wani abu. Sai kawai ta ce, “Baba, kana cin abinci kuwa?” Tun ranar da ta shigo gidan nan ba ta taɓa damuwa da cikina ba.

Su haifa su ajiye mini. Sau ɗaya a shekara su zo, kwana bakwai, da jaka cike da alewa da rigunan da suka yi mata kaɗan, don ba su san ta ƙara tsawo ba. Su suka sayo wayar, ba ni ba. Wai don ta riƙa ganin fuskarsu. Uwa a cikin gilashi, uba a cikin gilashi. To yarinyar da aka koya wa cewa masu sonta ta gilashi suke leƙowa, don me ba za ta yarda da duk wanda ya leƙo ba? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Wannan zan gaya musu. Wata rana.

Asabar, 22 ga Maris, da hantsi

Shouyi ya zo. Ɗan ƙanen ubana ne, tsohon malamin firamare, tabarau a kan hanci, baki babu linzami.

“Tsoho, an ce an ɗauke ka hoto kana barci baki buɗe. Ƙuda nawa suka shiga?”

“Kai mai ido huɗu, je ka nemo haƙoranka tukuna ka zo mu yi magana.”

Ya zauna ba a ba shi kujera ba, ya zuba shayina ba a ba shi kofi ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, maganar irin shinkafa, maganar gwiwarsa, sannan ya ajiye abin da ya kawo shi. Dattawan zuri'a sun zauna. Bana ranar sharar kaburbura shi zai kira sunayen kakanni, daga littafi.

“Ka huta, yaya. Dehai ya ce kan ya fara yoyo. Ba abin kunya ba ne, kowane rufi yana tsufa.”

Daga littafi! Littafin zuri'armu na asali an ƙone shi a tsakar gari ina ɗan shekara ashirin. Wanda ke ɗakin kakanni yanzu daga bakina aka rubuta shi, kwana tara ina faɗa, shi wannan Shouyin yana rubutawa yana cewa in rage sauri. Hawa ashirin da biyu na kakanni, daga uba zuwa ɗa, da matansu, da inda aka binne kowa. Shekara arba'in da uku ni nake tsayawa a gaban babban kabari in kira su, ban taɓa tuntuɓe da suna ɗaya ba. In an yi rigimar iyakar gona, ni ake kira, in na ce nan ne, nan ne.

Na ce ya tashi ya bar mini gida. Ya shanye shayin tukuna.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Wanda ya ƙera wannan wasa yana da 'ya'ya? In yana da su, ina so in san ko yana ba su. Mutumin tasha kuma ba a kama shi ba. Sun ce sunan ƙarya ne, lambar ƙarya ce. Shi an bar shi ya shiga da ƙarya. Ni kuwa sai da aka ga fuskata.

Na soke layin ƙarshe. Ana iya karanta shi duk da haka.

Talata, 25 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Dehai ya kira a tsohuwar wayata mai maɓallai. Ya samo makaranta. Can cikin duwatsu take, tafiyar awa biyar, wai ta gyaran halin yaran da waya ta lalata. Wata shida. Wata ukun farko ba a ziyara, ba a kira. Tashi da asuba, gudu, fareti. Motarsu za ta zo har ƙofar gida ta ɗauke ta, washegarin sharar kaburbura.

Na ce, “A ina ka ji labarinsu?”

“A waya na gani.”

“Af! A waya. Ita ta ga ƙawa a waya, kai ka ga makaranta a waya. Wa ya fi wani hankali?”

“Baba, wasan ba shi ne ya fi damuna ba. Yara duk suna yi. Satar ce. Yarinyar da za ta buɗe gwangwanin kakanta, ta jira ya yi barci, ta yi wasa da fuskarsa sati biyar ba ta ji komai ba, gobe me za ta yi? In ba a tanƙwara ta yanzu ba, an yi asararta.”

Na ce ba za ta je ba. Ya ce 'yarsa ce. Na ce yau ka san haka? Ya ce, “Ka ba ni dalili ɗaya, Baba. Ɗaya.”

Na ce batir ya ƙare. Na kashe.

Laraba, 26 ga Maris, da safe

Tongtong ta ci rabin kwano. Saura kwana goma.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Na shiga gari na kai wa mai tikiti agwagwa guda da na busar a hayaƙi. Mace ce gajera, murya kamar gwangwani.

“Kai ne kakan? To Kaka, sannu da zuwa. Ka ga tagar nan? Shekara goma sha huɗu ina zaune a bayanta. Ina ganinsu, 'yan mitsi-mitsi, jaka a baya, ido a kan waya, babu babba a tare da su. Uwa tana kudu, uba yana kudu, an bar su da tsofaffin da ko kunna talabijin sai an taya su.”

Na ce gaskiya ta faɗa, iyayen zamani ba su da amfani.

“Bar iyaye, su suna nesa. Kai fa? Sati biyar mutumin nan yana magana da ita. Kana ina?”

“Ina gida.”

“Ita ma tana gida.”

Mutane suna layi a bayana suna ji. Na ce ban zo a yi mini shari'a ba, godiya na kawo. Ta ce ta ji, in matsa, ina tare layi. Agwagwar dai ta karɓa. Marar kunya. Da ba don ita ba, ban san abin da zan rubuta yau ba. Marar kunya duk da haka.

Asabar, 29 ga Maris, da yamma

Muna dasa barkono a bayan gida, ni ina haƙa, ita tana sakawa. Tun ranar tasha ba ta haɗa mini jimla biyu ba. Sai na ji ta ce, “Kaka, da gaske ne a can ana aske wa mata kai?”

“Wa ya gaya miki?”

“Kowa ya sani a ajinmu.”

Na ce 'yar tsako, saka wannan ki danne ƙasar. Ta saka. Can na kasa haƙuri na tambaye ta me suke faɗa da wancan la'anannen har sati biyar.

“Tana tambayata me na ci. Tana tambayata ko an zalunce ni a makaranta. Ranar da na faɗi jarrabawar lissafi ita kaɗai na gaya wa.”

Har yanzu “ita” take cewa. Na ce ni ba ki da bakin gaya mini? Ta ce, “Kai kana bitar kakanni, ka ce kada a katse ka.”

Na haƙa rami uku. Sannan na tambaye ta abin da sati biyu nake gudun tambaya. Na ce don me ta faɗi maganar gyangyaɗi a gaban 'yar sanda.

Ta ɗago ta dube ni kamar ni ne yaron. “In Mama ta sani, ba za ta ƙara barina a wurinka ba. In na je can, wata shida ne, sai in dawo gida.”

Gida. Nan take nufi.

Lahadi, 30 ga Maris, ƙarfe shida na safe

Wata shida ba shekara ba ce. Za ta dawo kafin a gama girbi.

Na rubuta wannan, na duba shi, na ji ƙyamar hannuna.

Litinin, 31 ga Maris, tsakar rana

Daren sabuwar shekara gidan nan cike yake, Shouyi da iyalinsa, da maƙwabta. Ruifang ta gama danne-dannenta a wayar yarinyar, ta ɗaga ta sama ta ce a gaban kowa, “Na kulle. Baba, kai dai kada ka taɓa, ba ka san kanta ba. Kai da waya sai kallo.” Aka yi dariya. Shouyi har da buga cinya. A gidana, a kan teburina, suna cin naman da na yi wata guda ina kula da hayaƙinsa.

Da suka koma Dongguan yarinyar ta yi kwana biyu tana kuka. Kowace shekara haka take yi, amma bana ya fi. Ni kuma ban iya kukan yaro ba, marigayiya matata ce ta iya.

Abin da ya faru a rana ta uku ba zan rubuta ba. Ba mantawa na yi ba.

Laraba, 2 ga Afrilu, da hantsi

Na kai niƙa. Jikar masu injin ta yi wata takwas a irin wannan makaranta bara. Da can in ta gan ni sai ta ce, “Kaka Pang, yau wane mataccen ka gaisa da shi?” Yau da na shiga sai ta miƙe zumbur, hannu a gefe, ido a bango, har na fita. Kakarta ta ce, “Ka ga yadda ta natsu?” Na ce na gani.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da yamma

Dehai da Ruifang sun iso. Ruifang tana ninke kayan yarinyar a jaka, tana rubuta sunanta a wuyan kowace riga. Ta yi mini awara da yaji yadda nake so. Ban ci ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Zan rubuta duka.

Mun hau tudu da safe cikin yayyafi, mu wajen mutum sittin. Aka share ciyawa, aka ƙara ƙasa, aka jera shinkafa da kaza da giya, aka kunna turare. Aka ajiye mini kujerar roba a gefe kamar baƙo. Shouyi ya tsaya a inda nake tsayawa, ya gyara murya, ya buɗe littafi. Na yi wa kaina alkawari ba zan tanka ba.

Ya tafi daidai har hawa na goma sha ɗaya. Ruwa ya jiƙa takardun, biyu suka manne, ya juya su tare. Daga na sha ɗaya ya faɗa na sha huɗu, yana ta rera murya, kuma duk cikin mutum sittin babu wanda ya ji. Ya tsallake Pang Wenda, wanda ya goya uwarsa ya haye kogi shekarar ambaliya, wanda ba don shi ba da babu ko ɗayanmu a kan tudun nan.

Ban san lokacin da na miƙe ba. “Rufe littafin nan, makaho! Ka bar mutum biyu a cikin ruwa!”

Na ɗauko daga farko. Hawa ashirin da biyu, da matansu, da garuruwan da aka auro su, da gefen tudun da kowa yake kwance. Ban tsaya ba, ban yi tuntuɓe ba. Da na gama sai wani ya ce, “Kai, tsohon nan ƙarfe ne!” Shouyi yana goge tabarau yana cewa laifin ruwa ne. Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Sai na juya na ga Ruifang tana kallona.

Ta bari sai da muka fara gangarowa, mutane suka yi gaba, muka rage mu huɗu a kan 'yar hanya. Ta tsaya a gabana.

“Baba, mutumin da ya tuna garin da aka auro matar da ta mutu shekara ɗari uku, shi ne bai tuna watan jiya ba?”

Dehai ya ce, “Ruifang, ba a nan ba.”

“A nan ɗin. Gobe mota za ta zo ta ɗauki 'yata.”

Tongtong ta kama gefen rigata ta ja, a hankali, sau biyu. Na san abin da take nufi. Na cire hannunta.

Na ce, “Sau goma sha tara.” Na ce ni na buɗe gwangwanin, ni na karanta mata lambar, don ita ba ta ma san inda katin yake ba. Na ce idona biyu, a zaune nake, na ƙifta ido, na buɗe baki, na juya kai kamar biri a kasuwa, tana dariya ina dariya. Na lissafa musu ranakun ɗaya bayan ɗaya, da abin da muka ci kowace rana, don kada wani ya sake ce mini shekaru. Na ce ba ta saci komai ba, ni na ba ta, don an ce kada in taɓa, kuma don in ta yi shiru da wayar ni ma ina samun shiru.

Dehai ya zauna a kan dutse cikin laka. “Sati uku, Baba. Na kira ta ɓarauniya a gabanka.”

Haushi ya taso mini, na juye musu duk abin da na tara. Na ce ku kuna ina? Kun haifa kun gudu, kun bar mata gilashi ya yi muku reno. Wane ne cikinku ya san ta faɗi lissafi?

Ruifang ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. “Gaskiya ne, Baba. Ban sani ba. Ina tsaye a kan inji tun tana shan nono don kada ta tsaya a kan inji. Abu ɗaya na iya yi mata daga can, na kulle ƙofa. Kai ka buɗe don na ba ka haushi. Ni na yi maka dariya, ita ka sa a bakin kura.”

Na ɗauki hanya na gangaro gida.

Asabar, 5 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Motar ta zo, da maza biyu masu kaya iri ɗaya. Dehai ya fita ya same su a bakin hanya. Sun daɗe suna magana, ɗaya yana nuna takarda. Na ɗauki fartanya na tsaya a ƙofa, ba don komai ba. Suka juya suka tafi.

Dehai ya shigo ya durƙusa a gaban 'yarsa, ƙato da shi, ya ce ta yafe masa. A zamaninmu uba ba ya yin haka. Ban hana shi ba.

Ruifang ba ta kwance jakar ba. Ta ce Dongguan za su tafi da ita. Ɗakinsu ɗaya ne, za su raba shi da labule. Akwai makarantar 'ya'yan ma'aikata a unguwarsu, ba ta da kyau, amma tana kusa. Za ta bar aikin ƙarin lokaci don ta riƙa dawowa kafin yarinyar ta ci abinci. Wayar kuma a kan tebur za ta zauna, a gaban kowa. Ba shawarata ta nema ba, gaya mini ta yi.

Lahadi, 6 ga Afrilu, da yamma

Tongtong ba ta yi mini magana ba yau. Jiya ma haka.

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Na raka su bakin titi. Na riƙe jakar, Dehai ya so ya karɓa na hana. Da mota ta tsaya iyayen suka fara sa kaya, sai ta juyo ta tsaya a gabana, ba ta kai kafaɗata ba.

“Da ka yi shiru, Kaka. Wata shida ne kawai, in dawo.”

Na ce, “Wadda za ta dawo ba ke ba ce.”

“Yanzu wa zai dafa maka?”

“Ke kike dafa mini da? Ruwan zafi ma ƙona shi kike yi. Shiga mota, 'yar tsako, kina tsayar da mutane.”

Ta shiga. Ba ta ɗago mini hannu ba. Uwarta ta zaunar da ita, ta zauna kusa da ita, na ga tana tambayarta wani abu, na ga yarinyar ta fara amsa mata. Ban ji me suke cewa ba. Na tsaya har motar ta sha kwana.

Haushin yana nan, bai ragu ba ko kaɗan. Sai dai yanzu babu kowa a gidan sai mai laifin.